Ƙunshin da Kulu Ta Ɗinka

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna ba baƙi labari wai korata aka yi daga garejin Alu, shi ya sa na ƙare ƙarfina ina yawo a kan mashin da ɗan ƙunshin ƙarafa. Ban taɓa tanka muku ba, domin yadda kuke tsara labarin yana da daɗin ji, ni kaina nakan yi dariya. To amma yanzu gwiwoyi sun zaunar da ni, ga lokaci a hannuna, kuma na ji jikokina sun fara maimaita zancen kamar karatu. Gara in faɗi yadda aka yi da bakina. Ba wanda ya kore ni. Da ƙafata na fita, kuma ranar da na fita sai da na zagaya bayan masallaci na share hawaye inda ba mai ganina.

Alu shi ne babban makanikin mashin a Tambuwal a wancan lokaci. Gajere ne kakkaura, ba ya son yawan magana, amma in mashin ya taso daga bakin kasuwa, kafin ya iso Alu ya faɗi abin da ke damunsa, kuma da wuya ya kuskure. Kakanku malami ne, ya so in zauna da allo da tawada kamar yayyena. Da ya ga hannuna ba ya samun natsuwa sai a kan ƙarfe, shi da kansa ya kai ni wurin Alu ya ce ga amana. Shekara goma sha huɗu na yi a ƙarƙashin rumfar garejinsa. A can na yi gemu, a can na auri uwarku Kulu, kuma duk garin an san cewa in Alu ya gaji, ni zai miƙa wa makulli. Ni ma haka na sani, har zuwa farkon wata damina da kakarku Inna ta ce in kai ta Kebbe ta gaida ƙanwarta.

A shekarun nan ne mashin ya cika ƙauyuka. Manomi in ya sayar da amfanin gona sai ya sayi mashin, makiyayi in ya sayar da bijimi sai ya sayi mashin, amma masu gyara duk muna cikin gari a ƙarƙashin inuwa muna jira a kawo mana. Ban taɓa tunanin yadda ake kawowar ba sai ranar nan. Ba mu yi nisa da Tambuwal ba muka wuce wani yana tura mashin, gumi ya jiƙe masa riga. Can gaba ga wani. Da muka wuce na uku, Inna ta taɓa kafaɗata.

"Auta, mutanen ga mi yas same su? Sun sayi mashin su hau, ko su yi mai rakiya?"

Na ce, "Lalacewa ya yi musu, Inna."

"To kai ba shi ne aikinka ba? Ka wuce su kamar ba ka gani ba."

Da muka iske na huɗu sai na tsaya. Wani dattijon manomi ne daga wajen Jabo, ya ɗaura buhun taki biyu a baya, yana turawa yana haki. Ba ni da komai sai sifanar fulogi da ke ƙarƙashin wurin zamana. Na cire fulogin na ga baƙi ƙirin, datti ya toshe bakinsa. Na duba hagu da dama ban ga abin gogewa ba, sai Inna ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini magogin goronta. Na goge fulogin da shi, na hura, na mayar, na taka sau ɗaya mashin ya tashi. Dattijon ya tsaya yana kallon mashin, yana kallona, sai ya zauna daɓas a bakin hanya ya fashe da dariya har da hawaye.

"Tun hantsi nika tura abin ga! Tun hantsi! Ashe magogin goro ne maganinshi!"

Inna ta karɓi magoginta ta shinshina, ta ce goronta zai yi warin fetur har ƙarshen wata, amma ba komai. Ni kuwa har muka isa Kebbe hankalina yana kan dattijon nan. Abin da ke yawo a kaina shi ne, da ban tsaya ba, mutumin nan zai kai azahar yana turi a kan abin da bai ci minti biyu ba. Da dawowa na riƙa lura, mutum shida muka wuce. Na kwana biyu ina juya zancen, sannan na roƙi Alu hutun yini guda ban gaya masa dalili ba.

A shekarun da na yi a gareji na tara kayan aiki nawa na kaina, suna cikin wani akwatin ƙarfe da mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Tunanina a lokacin shi ne, makaniki ba ya fita da rabin hannu. Don haka da sassafe na ɗora akwatin gaba ɗaya a bayan mashin, na ƙara babbar guduma, na ƙara bais ɗin da ake matse ƙarfe da shi, na ƙara batir, na rataya tsohuwar taya a gefe, na ɗaure da igiyar roba. Kulu ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya tana kallo.

"Malam, ƙaura za mu yi ba ka faɗa min ba?"

Na ce mata aikin maza ne, ta sa mini albarka kawai. Ta ce Allah shi kiyaye hanya, amma na ga tana danne dariya da gefen mayafi. Tun daga ƙofar gida na san akwai magana, domin duk ramin da na faɗa sai gaban mashin ya nemi ɗagawa sama. Na daure. Da na bar kwalta na shiga hanyar ƙasa, na iske wani kwari da ruwan daren jiya ya mayar da shi taɓo. Na shiga a hankali, tayar baya ta nutse, na ƙara wuta, sai kawai na ji ni a kwance, mashin a kan ƙafata, akwati ya buɗe, sifanoni sun watse cikin laka kamar an shuka su. Allah ya sa ban ji ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wasu matan Fulani uku da ƙoren nono a ka, waɗanda suka tsaya a kan tudu suna dariya har ɗaya ta sauke ƙwaryarta don kada ta zube.

Wani makiyayi dogo, wanda daga baya na san sunansa Buba kuma muka yi abota ta shekaru, shi ya bar shanunsa ya zo ya ɗaga mini mashin. Muka tsince ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo ɗaga akwatin sai ya sauke ya dube ni.

"Kai, dutsin niƙa ka ɗauko?"

Na ce kayan aiki ne, kuma kowanne da ranarsa.

Ya ce, "Awo, kowanne da ranarshi, amma ba duka ranar ke zuwa yau ba. Mu in za mu tashi, mata sai su shimfiɗa kaya ƙasa duka. Abin da ba a taɓa ba tun mazaunin baya, nan za a bar shi. In ba haka ba, bijimin da ke ɗaukar kaya ba ya kai mu ko'ina."

Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, domin ba daɗi mai kiwon shanu ya koya wa makaniki aikinsa. Amma a yinin nan na gyara mashin uku a hanya, kuma da na zauna na tuna, abin da na taɓa a cikin akwatin bai wuce abu biyar ba. Sauran duk ɗaukarsu kawai na yi na kai su yawo na dawo da su.

Na shigo gida da la'asar, laka tun daga hula har takalmi. Kulu ta bari sai da na yi wanka na ci abinci. Da na ba ta labarin Buba, sai ta tashi ta shimfiɗa babbar tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta ce in juye akwatin. Inna ta jawo kujerarta ta zauna kamar alƙali. Kulu ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin ƙarafan nan ba, kuma wannan ne ya sa ta fi ni iya aikin, domin ba ta jin tausayin kowanne. Sai ta ɗaga abu ta tambaya.

"Wannan mi ne ne?"

"Bais ne. Da shi ake riƙe ƙarfe in za a goge ko a lanƙwasa."

"A bakin hanya, a jikin mi za ka ɗaura shi?"

Ta ajiye shi a hagu. Ta ɗaga babbar guduma da hannu biyu.

"Wannan fa?"

"In ƙarfe ya ƙi fita."

"Ba duwatsu a hanyar Kebbe?"

Inna ta yi dariya har ta ƙware. Guduma ta bi bais. Na yi gardama a kan batir, na yi gardama a kan kayan buɗe inji, har na ɗaga murya na ce wata rana zan iske wanda injinsa ya buga, in tsaya ina kallonsa kamar wawa. Kulu ta ce to in injin ya buga, zan buɗe shi a cikin rairayi iska tana zuba masa ƙasa? Na ce a'a, sai an kai gareji. Ta ce to ka ga wannan ba naka ba ne, na Alu ne. Wannan maganar ce ta warware mini komai. Na zauna na lissafa da yatsu abin da ke tsayar da mashin a daji wanda kuma ake iya tayar da shi a dajin: taya ta sace, fulogi ya mutu, sarƙa ta tsinke ko ta zame, wayar kuloci ko ta birki ta katse, ruwa ko datti ya shiga kafireta. Duk abin da ya wuce wannan, ko da na ɗauko garejin a ka, sai an tura. Daga nan ni da kaina na riƙa zaɓa. Sifana guda biyar, sifanar fulogi, sukundireba biyu, filaya, ƙarfe biyu na cire taya, faci da gam, ƙaramin famfo, fulogi sabo guda biyu, mahaɗin sarƙa, wayar kuloci, ɗan nannaɗin waya, da tsinken takardar goge ƙarfe. Tarin hagu ya yi tudu, na dama kuwa ko rabin faifai bai cika ba. Na dube shi na ji kunya, kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar buta da ƙaramar dadduma ta ɗora a kan tarin dama.

"Waɗannan ba a gardama a kansu. Kana can kana gyara na mutane, taka sallar wa zai gyara maka?"

Kwana biyu Kulu ta yi tana ɗinki. Ta yanko wani tsohon tamfol, ta yi wa kowane ƙarfe aljihunsa daidai jikinsa, ta sa igiya a baki. In na shimfiɗa shi a ƙasa, da kallo ɗaya zan san wanda bai koma ɗakinsa ba, don haka a duk shekarun da na yi a hanya ban taɓa mance ƙarfe a cikin ciyawa ba. In na naɗe shi kuwa bai fi ƙunshin tabarmar yaro ba, yana zama a bayan mashin ko jin sa ba na yi.

Saura abu mai wuya, wato gaya wa Alu. Na same shi da hantsi ya sunkuya a kan wani inji. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, tun daga dattijon Jabo har ƙunshin Kulu. Na ce ina so in riƙa bin hanya tsakanin Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan da ke gefe, abin da ya fi ƙarfina in turo masa. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Sahabi, shekara goma sha huɗu nika shirya ka don wurin ga. Ka san haka?"

"Na sani, Maigida."

"Kuma za ka bar shi ka koma faci a bakin hanya."

"Akwai mutane can, Maigida. Ba mai zuwa musu."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "To. Allah shi ba da sa'a." Ya koma kan injinsa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Bayan mako guda na ji ya miƙa makulli ga Nasiru, ɗan ƙanwarsa, wanda ni na koya masa riƙe sifana. Wannan shi ne abin da ƙunshin ya ci mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini zafi. Garejin da kuke wucewa yau mai shaguna uku da injin walda, da na zauna, sunana ne a jikinsa.

Daminar nan ta gwada mu. Wata rana in yi gyara bakwai, wata rana in je Dogon Daji in zagaya ta Sanyinna in dawo ban taɓa ko fulogi ba, sai man da na ƙona. Mutanen ƙauye kuma abin da ke hannunsu suke bayarwa. Na sha dawowa gida da ƙwai a cikin hula, da damin gero, da nono a gora, har wata rana da kaza a rataye a hannun mashin tana kuka tun daga Kebbe. Kulu takan tare ni a zaure ta ce, yau mi munka samu, miya ko tuwo? Ta fara suyar ƙuli-ƙuli don a cike giɓi, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini da ka sani ba. 'Yan'uwana makanikai suka sa mini suna wanzamin mashin, saboda ƙunshina ya yi kama da zabira. In na wuce ta gaban gareji na yi sallama, Alu yakan amsa ba tare da ya ɗago ba. Amma a hankali hanya ta san ni. Mutane suka gane lokacin wucewata, sai wanda mashin ya ƙi masa ya daina turi, ya nemi inuwa ya zauna. Buba ya baza labarina a rugage, har ya zama in na ga an kafa sanda da tsumma a bakin wata 'yar hanya, na san akwai mai jirana a ciki.

Bayan an yanke gero, wata rana da rana tsaka ina dawowa daga wajen Kebbe, na hango mutum cikin farar babbar riga zaune a gindin wata tsamiya, mashin a jingine. Sai da na matso na ga Alu ne. Ɗaurin aure za shi. Kututturen kara ya fasa masa tayar gaba, mashin ya kayar da shi, gefen rigar duk ƙasa. Babban makanikin Tambuwal, ko sukundireba babu a jikinsa, domin bai taɓa tunanin mashin ɗin da ya fito daga hannunsa zai tsaya a hanya ba. Na sauka na durƙusa.

"Maigida, sannu. Ba ka ji ciwo ba?"

"Ban ji ba. Kana da faci, ko kallona za ka yi?"

Na shimfiɗa ƙunshina. Na cire taya, na nemo hujin, na goge, na shafa gam, na jira ya sha iska, na manna faci, na mayar na buga famfo. Duk yana kallo. Ina cikin murna na gama, sai hancina ya ɗauko warin fetur. Na leƙa ƙarƙashin tanki, ashe faɗuwar ta tsaga shi kaɗan a wurin haɗi, mai yana ɗiga ɗis, ɗis. Na duba aljihunan ƙunshina ɗaya bayan ɗaya, babu abin da zai toshe tanki.

Na ce, "Maigida, wannan sai walda. Bari in goya ka in kai ka, in dawo in ja mashin ɗin."

Sai a lokacin na ga ya yi murmushi, karon farko tun ranar da na bar shi.

"Ina sabulunka?"

"Sabulu?"

"Kana yawon daji da sunan makaniki ba ka da sabulu? Tafi can."

Ya nuna wani tafki da ke gangare inda mata ke wanki. Na ruga na roƙo guntun sabulun wanki. Alu ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya ɗan jiƙa sabulun ya murza shi har ya yi laushi, ya dandanna shi a kan tsagar da babban yatsa. Muka tsaya muna kallo. Ɗigon ya tsaya cak. Ya ce fetur ba ya narkar da sabulu, zai kai shi Kebbe ya dawo da shi gida, sannan a yi walda. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin wannan ba, domin a gareji ba a bukatarsa. Ashe shi ma kafin ya kafa rumfa ya taɓa bin hanya, bai taɓa gaya mini ba sai ranar.

Bai hau mashin nan da nan ba. Ya tsuguna a gaban ƙunshina ya riƙa zaro ƙarafan ɗaya ɗaya yana juyawa yana mayarwa, kamar mai duba jarrabawa. Ya yaba ɗinkin, ya tambayi wa ya yi, na ce Kulu. Ya ce ta fi ni hankali. Ya gyaɗa kai a kan mahaɗin sarƙa, ya gyaɗa kai a kan waya. Da ya zo kan babbar sifana mai lamba sha tara sai ya tsaya.

"Wannan rabonka da ita yaushe?"

Na yi tunani na ce tun tsakiyar damina.

"Mai sha bakwai da filaya sun ishe ka. Nauyin banza ce."

Ya cusa ragowar sabulun a aljihun da ta fito, ita kuma ya jefa ta a aljihun babbar rigarsa. Ya taka mashin ya tashi, ya gyara hula, sannan ya waiwayo.

"Gobe in ka biyo ta gareji ka tsaya, akwai mutum biyu daga Sanyinna da sunka ce mashin ɗinsu na can ƙauye ya ƙi tashi. Na ce musu su jira ka."

Ya ja mashin ya tafi, rigar tana kaɗawa, gefe guda ya rinjaya saboda nauyin ƙarfe. Sifanar nan har Allah ya karɓi ransa bai mayar mini da ita ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.